Yadda Munzali Ya Sanyaya Falon Baffa Kalilu

Duk faɗin Daura babu wanda ya naɗa Munzali injiniya. Shi ya naɗa kansa, a cikin motar haya, tsakanin Kazaure da gida, ranar da ya dawo daga Kaduna. Koyon gyaran firji ne ya kai shi can, kuma waɗanda suka je suka gani sun ce aikinsa a shagon bai wuce riƙe tsani da sayo wa maigida ƙosai ba. Amma da ya sauka a tasha sai ga shi da sukudireba a aljihun gaba, da baƙin tabarau, da irin tafiyar mutumin da gwamna ke jira.

Ayyukansa sanannu ne a unguwa. Shi ya gyara fankar masallaci, ta koma juyawa da baya, tana kwashe iska daga kan masu salla tana kai wa silin. Shi ya taɓa rediyon gwaggonsa Haulatu, tun daga ranar ba ta ƙara kama wata tasha ba sai ta Damagaram, ita ma sai an jingina ta da tulu. In aka yi masa magana sai ya gyara tabarau ya ce, "Matsalar mutanenmu ke nan. Ci gaba zai zo har ƙofar gida, ku ce masa maigidan ba ya nan."

To, ƙanin mahaifinsa, Alhaji Kalilu, babban mai fataucin shanu ne. A kasuwar Mai'adua yake saye, ya loda a tirela, direbansa Audi ya kai Legas. Wata rana ya je gwanjon kayan wani kamfanin Turawa masu aikin hanya da suka tashi, ya dawo da wata na'ura mai girman ƙaramin rumbu. An ce masa ta gefe guda take shaƙar iska, ta sanyaya ta ko ta ɗumama ta, sannan ta hura ta cikin bututu zuwa kowane ɗaki na gida. Aka sauke ta a tsakar gida aka rufa mata tamfol, awaki suka samu wurin hawa.

Tana nan har matarsa Murjanatu ta haifi ɗa namiji, a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa. Shekarun nan ne kuwa da shari'a ta shigo, aka daina kiran makaɗa wurin suna. Alhaji Kalilu mutum ne mai son a yi taro a gidansa a tashi ana labari. Tunda babu kalangu, sai ya tuna da abin da ke ƙarƙashin tamfol.

Yana zaune a ƙofar gida, Ɗantsoho wanzami na yi masa aski, ya ce, "Gobe zan aika Kano a ɗauko mai haɗa injin nan. Ina so ranar suna manyan baƙi su zauna a falo su ji kamar a Madina suke."

Munzali yana gefe yana shan rake. Ya tofar da ɓawo ya miƙe.

"Kano, Baffa? Ina raye? Ai wannan cin mutuncin dangi ne. Irin wannan na'urar ido rufe na haɗa ta a gidan wani babban soja a Kaduna. Har ya roƙe ni in bi shi Abuja, na ce a'a, Daura na bukatata."

"Wane soja?" in ji Alhaji.

"An hana ni faɗin sunansa."

Ɗantsoho ya goge aska a tafin hannu ya ce, "Alhaji, in dai sojan yana da rai har yanzu, ka gwada yaron."

Alhaji ya kalli ɗan wansa. Ya daɗe da sanin abin da ke cin Munzali: wani shago da shi Alhajin ke da shi a bakin tasha, wanda ke kulle. Ya kuma san abin da Munzali ya fi tsoro a duniya, don mahaifin yaron ya sha cewa a haɗa shi da Audi ya riƙa raka shanu kudu, a kan katakon saman tirela, duk saniyar da ta kwanta a hanya ya sauka cikin kashi ya murɗe mata wutsiya ta tashi.

"To, ka ji," in ji Alhaji. "In baƙina suka sha sanyi ranar suna, shagon tasha naka ne, har allo zan sa a rubuta maka. In ka kunyata ni, tafiyar Audi ta gaba da kai za a yi. Ɗantsoho, kai ne shaida."

"Baffa, ka ce wa mai fenti ya fara jiƙa burushi," in ji Munzali. "Injiniya da babban baƙi za a rubuta."

Washegari aiki ya kankama. Munzali ya ɗauko Hamma, mai ƙera bokiti da akwatin ƙarfe, ya sa shi ya naɗe kwanon rufi ya yi bututu masu faɗi. Aka fasa silin ɗin kowane ɗaki aka bar baki. Ita kuwa na'urar, Munzali ya ce abu mai daraja ba a barinsa a fili, don haka aka tattara majiya ƙarfi suka tura ta cikin sito, ɗan ɗakin da ke manne da madafa, inda ake ajiye hatsi da turame. Bakinta na shaƙar iska ya fuskanci ƙofa.

A wannan bakin akwai wata faffaɗar raga mai ƙananan idanu. Munzali ya zare ta ya ɗaga sama yana girgiza kai.

"Turawa da tsoro! Wannan ai don tafiya aka sa, kada ƙura ta shiga a hanya. In ka bar ta, sai iska ta riƙa tsayawa tana neman izinin shiga."

Gwaggo Haulatu, yayar Alhaji, wadda ta tare a gidan don kula da mai jego, tana wucewa da ƙwarya. Ta tsaya ta shafa ragar da yatsa.

"In ba ka so, miƙo nan. Dama rariyata ta yage."

"Ɗauki, Gwaggo. Kyautar injiniya ce."

"Allah ya sa ta fi rediyon albarka," in ji ta.

Da aka zo jona bututun falo, Munzali ya ce shi zai hau da kansa, don Hamma bai san lissafin iska ba. Ya shige cikin silin da tocila a baki. Alhaji na ƙasa yana shan fura, Ɗantsoho ya leƙo gaisuwa, sai suka ji ɓarak! Ƙafa guda ta ɓullo daga sama, da silifa a jikinta, tana wutsil-wutsil. Silifar ta suɓuce ta faɗa cikin kwanon furar.

Ɗantsoho ya ɗaga kai ya ce, "Barka, Alhaji, an sake haihuwa a gidanka. Wannan da ƙafa ya fara fitowa."

Daga sama murya ta ce, "Da gangan na yi! Ƙofar iska ta biyu nake aunawa."

Ana gobe suna aka gama. Munzali ya tara mutanen gida a bakin sito don gwaji, ya yi bismilla ya ɗaga makunni. Na'urar ta yi gurnani kamar bijimi, ta ja numfashi guda, sai ga mayafin Gwaggo Haulatu ya bar kanta ya tafi, fiu, ya manne a bakin injin. Kafin ta gama salati, NEPA ta ɗauke wuta.

"Kun gani?" in ji Munzali, yana ɓamɓaro mayafin. "Wutar Daura gaba ɗaya ta kasa ɗaukarta. Gobe da janareto za mu yi."

"Ba ka ji ko sanyin take bayarwa ba," in ji Alhaji.

"Baffa, injin da ya cire wa Gwaggo mayafi, wanda shekara da shekaru babu mahalukin da ya isa, shi za ka yi wa tambaya?"

Da yamma ya ɗauko guduma da ƙusoshi ya bi tagogin falo ya kafe su ɗaya bayan ɗaya, ya cusa tsummoki a duk wata kafa, don kada sanyi ya samu hanyar gudu. Daga nan ya yi wanka ya zagaya gari. Ya je majalisar bakin masallaci, ya je wajen mai shayi, ya je tasha ya tsaya gaban shagon yana auna faɗin allo da hannu. Duk inda ya tsaya maganar ɗaya ce.

"Duk mai zuwa suna gobe ya zo da rigar sanyi. Tsofaffi su haɗa da bargo. Na faɗa muku, in wani ya kwanta ciwon haƙarƙari babu ruwana."

Maganar ta kai kunnen Gwaggo Haulatu. Ta dafa ƙirji. Sanyi a ɗakin mai jego? Matar da ake yi wa wankan ruwan zafi safe da yamma, ake dama mata kunun kanwa? Ta faki ido. Ta hau turmi da tsofaffin matasan kai, ta bi bakunan bututun da ke ɗakunan cikin gida ta toshe su tam. Baki ɗaya ya rage a buɗe duk gidan: na falo.

Ranar suna gari ya waye da zafi tun daga asuba. Aka jira abokan cinikin Alhaji na Mai'adua da na Mashi har rana ta ɗaga. Mutane suka yi ta shigowa, abin dariya abin tausayi: wannan da suwaita a ƙarƙashin babbar riga, wancan da hular sanyi har kunne, wani dattijo da bargo a kafaɗa da safa a ƙafa. Liman Jafaru ya zo da alkyabbarsa mai kauri, ta zuwa idi. Malam Abbas na Hisba ya zauna kusa da shi. Ɗantsoho ya samu lungu ya ajiye zabirarsa. Aka jera farantan goro da dabino da alewa a tsakiya.

Munzali ya shigo ƙarshe, cikin babbar rigar aro. Ya tayar da janareto a waje, ya rufe ƙofar falo, ya murɗa makulli ya jefa a aljihun rigar, don kada yara su riƙa shige da fice suna zubar da sanyi. Sannan ya taka zuwa wani ɗan allo da ya kafa a bango, mai madannai da hotuna. Ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Jama'a, ilimi ne zan ɗan gutsura muku. Kun ga wannan hoton mai kama da ƙarangiya? Na lokacin sanyi ne, lokacin da ƙarangiya ke bushewa. Wannan kuwa hoton rana ne. Wane lokaci muke ciki yanzu?"

"Rana!" in ji wasu.

"Madalla. Ashe kuna da ƙwaƙwalwa."

Ya danna hoton rana.

Silin ya yi gurnani. Iska ta fara sauka. Mutane suka gyara bargo suka rufe ido suna jira. Dattijon nan mai safa shi ya fara buɗe ido ɗaya.

"Yaro, ni dai kamar hucin tukunya nake ji."

"Haka take farawa, Baba. Zafin da ke cikin bango take zaƙulowa. Shekara nawa bangon nan yana shan rana? Sai ta gama amayar da shi tukuna."

Aka yi haƙuri. Liman ya fara nasiha a kan haƙƙin ɗa a kan mahaifinsa, gumi na bin gemunsa yana ɗiga a kan alkyabba. Hulunan sanyi suka fara sauka. Alewa ta narke ta kama dabino, dabino ya kama goro, faranti ya zama dunƙule guda.

"Injiniya," in ji Ɗantsoho, "in gashi za a yi, a faɗa mana mu juya ɗaya gefen. Bayana ya nuna."

"Ɗantsoho, aska ka sani. Bar wa masu ilimi iska."

Alhaji ya yafito shi da ido. Munzali ya matso ya durƙusa.

"Ina sanyin?" in ji Alhaji ƙasa-ƙasa.

"Yana hanya, Baffa. Ƙarfi ne ya yi mata kaɗan. Bari in ƙara mata wuta."

Ya koma allon. Akwai lamba a jiki, ya yi ta danna ta tana hawa har ta ƙi ƙara gaba. Iskar da ta sauko bayan nan, ko mai gasa burodi sai ya ja da baya. Nan take kunya ta ƙare. Aka shiga tuɓe suwaita, ana jefa barguna a kusurwa. Munzali da kansa ya zare babbar rigar aron ya cilla a kan tulin bargunan, yana cewa zai fi jin daɗin aiki ne kawai.

Ana cikin haka sai aka ji wani sauti daga sama: dum, dum-dum, dum, dum-dum.

Malam Abbas na Hisba ya miƙe zumbur. "Alhaji! Kiɗa nake ji. Ba mun yi magana da kai ba?"

"Wallahi ko gwangwani ban sa a buga ba!"

"To daga ina yake fitowa?"

Kowa ya ɗaga kai ya dubi bakin bututu.

Abin da ya faru kuwa shi ne, a cikin gida mata sun rasa inda za su sa kansu don zafi. Sai wata ta lura cewa a bakin sito, inda na'urar ke jan iska, wata 'yar iska mai daɗi na kaɗawa. Nan da nan Gwaggo Haulatu ta sa aka gyara turame a wurin, aka zauna dakan yajin jego: barkono, citta, masoro, kanumfari da kimba. Luguden taɓarensu ne bututu ya ɗauko ya kawo falo. Kuma ba lugude kaɗai ya ɗauko ba.

"Wai injiniya!" Muryar Gwaggo ta sauko daga silin, tangaran, kamar a lasifika. "Yaron da har ya shiga sakandare in aka yi tsawa sai ya shige ƙarƙashin gadona? Ni fa na san abin da aka koya masa a Kaduna. Sayen ƙosai!"

Dariyar mata ta biyo baya. A falo kuwa aka danne dariya, sai kafaɗu ke rawa.

"Tashar Damagaram ce ta shigo layin," in ji Munzali da sauri. "Yakan faru."

"Kuma babbar rigar da ya sa yau," in ji silin, "ta mijin Hasana ce. Da kuka ya aro ta."

Mijin Hasana, wanda ke zaune a sahun gaba, ya sunkuyar da kai yana nazarin tabarma.

"Lallai Damagaram sun san mu sosai," in ji Ɗantsoho.

Liman ya yi gyaran murya don ya rufa asiri. "Jama'a, mu yi abin da ya tara mu. A yi salati." Aka ɗaga hannuwa. Daidai lokacin silin ya sake magana da muryar Gwaggo.

"Ya daku. Miƙo min rariyar Turawan nan mu tankaɗe. Ku matso nan bakin injin, ya fi iska."

Munzali ya ji maganar. Wani abu ya faɗo masa a rai game da ragar nan da inda ya zaro ta, amma kafin tunanin ya gama tsayuwa, wani jan hazo ya fara saukowa daga sama, a hankali, kyakkyawa, kamar turaren wuta.

Liman ne ya fara. "Atishaa! Alhamdulillahi."

Falo gaba ɗaya ya amsa, "Yarhamukallahu!"

Bai kai ga mayar musu da addu'a ba Malam Abbas ya saki tasa. "Alhamdulillahi!"

"Yarhamukallahu!"

Sai ta ɓarke ta ko'ina. Ɗaki cike da malamai da dattawa, babu mai yarda a ce ya ji ɗan'uwansa ya yi hamdala bai amsa masa ba. Mai amsawa sai tasa ta kama shi a tsakiyar kalma, na kusa da shi ya amsa masa, shi ma ta kama shi. Wannan kusurwa na hamdala, waccan na amsawa, tsakiya na tari. Dattijo mai safa ya rasa wa zai amsa wa, sai ya riƙa juyawa dama da hagu yana rabawa kamar mai sallame salla.

Liman ya ɗaga hannu, hawaye na zuba, ya yi fatawa da ƙarfi: "In ta wuce uku mura ce! An sauke muku! Ku nemi ƙofa!"

Aka yi kan ƙofa. A kulle.

"Makulli!" in ji Alhaji. "Munzali, makulli!"

"Yana aljihun riga, Baffa."

"Ina rigar?"

Munzali ya nuna kusurwa, inda barguna da suwaitoci da alkyabba suka yi tsauni. Mutum biyar suka faɗa kai suna tono ido rufe. Wasu suka yi kan tagogi, suka tarar da ƙusoshin injiniya, kowace ta shige har wuya.

"Kashe ta! Kashe ta!"

Munzali ya lallaɓa bango da hannu, idanunsa sun rufe, ya samu allon ya danna abin da yatsansa ya fara taɓawa. Hoton fanka ne. Na'urar ta yi wata irin kuwwa ta ninka gudu. Daga silin aka ji Gwaggo na ihu: "Ke, riƙe faifan! Injin nan zai shanye mana yaji!"

Abin da ya sauko a wannan karon ba hazo ba ne, hadari ne.

Audi direba, ƙaton mutum wanda ya saba kokawa da bijimai, shi ya ce a ba shi wuri. Ya ja da baya, ya yi atishawa guda da ta ɗaga labule, ya sa kafaɗa. Ƙofa ta tafi da madogararta. Manyan mutane suka yi ta ɓulɓulowa titi, babu hula, babu takalmi, wasu daga su sai singileti, kowa ido jajir, hawaye shaɓe-shaɓe, ana dafa bango ana shessheƙa. Audi ya zagaya ya kashe janareto da ƙafa.

Maƙwabta suka fito a guje. Wata tsohuwa ta ga Liman na kuka, Alhaji na kuka, har ɗan Hisba na kuka, sai ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Masu wucewa a babur suka tsaya suka cire hula. Wani ya matso wurin Ɗantsoho a hankali ya ce, "Inna lillahi. Wa aka rasa?"

Ɗantsoho ya fyace hanci ya ce, "Shagon Munzali. Ko buɗe ido bai yi ba, Allah ya karɓi abinsa."

Sai ga Gwaggo Haulatu ta fito ƙofar gida, rariyar Turawa a hannu, ko atishawa ɗaya ba ta yi. Ta bi mazan da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Au, ku ne kuka shaƙe min yaji? Rabin turmi ya tafi! Maza da gemu, ku rasa abin da za ku yi wa mai jego sai ku shanye mata yajinta ta hanci?"

"Yaya, ina Murjanatu da yaron?" in ji Alhaji, da ƙyar.

"Lafiyarsu ƙalau, barci ma suke. Na toshe ramin ɗakinsu tun jiya. Ka zaci zan bar jaririn a hannun wannan?"

A gindin dogonyaron ƙofar gida aka ƙarasa suna. Liman Jafaru, da rawani a warware da jiƙaƙƙen tsumma a kan ido, ya yi addu'a mafi gajarta da aka taɓa ji daga bakinsa, ya sanar da cewa sunan yaro Amadu. Aka shafa. Aka kawo dunƙulen goro da dabino da alewa, aka sa wuƙa ana yanka wa kowa rabonsa.

Munzali ya matso kusa da baffansa, ya mayar da baƙin tabarau don ya rufe kumburin ido.

"Baffa, in ka duba da idon basira, an yi nasara. Ka ga yadda ta raba iskar nan? Babu wanda bai samu ba, har na lungu. Abin da ya rage ɗan saiti ne. Kuma cewa ka yi kana so a tashi ana labarin taronka. Wallahi har jikokin Amadu sai sun ji wannan."

Alhaji ya dube shi da jajayen idanu. Sannan ya juya.

"Audi, yaushe za ku loda?"

"Ranar kasuwar Mai'adua, Alhaji."

"A gyara masa wuri a sama."

Haka kuwa aka yi. Ranar tafiya 'yan unguwa suka fito rakiya kamar mai tafiya Makka. Gwaggo Haulatu ta miƙa masa ƙullin guzuri, da ɗan yaji a leda, ta ce ko zai yi marmarin gida. Munzali ya hau katakon saman tirela, shanu na huci a ƙarƙashinsa, sukudireba na nan a aljihun gaba. Motar ta bi ta gaban tasha, ya ga shagon a kulle, ya kawar da kai.

Ba su kai Kazaure ba ya farfaɗo. Iska na dukan fuskarsa, rigarsa ta kumbura. Ya shaƙa, ya yamutsa fuska, ya dubi shanun, ya dubi gaban motar, ya gyaɗa kai irin na wanda ya gano bakin zaren. Sai ya rarrafa ya leƙa ta tagar direba.

"Audi! Iskar motar nan tana da ƙarfi, amma ba a saita inda take shaƙowa daidai ba, shi ya sa take zuwa da wari. Ni yanzu na ƙware a wannan fannin. In mun tsaya shan mai, ka buɗe min gaban motar."

Audi ya harare shi. Ya miƙa hannu ya ɗauke akwatin sifanu daga kan kujera, ya tura shi ƙarƙashin cinyarsa, ya zauna a kai har Legas.